Ranar da Mota Ta Bi Kawu a Baya

Kawuna maharbi ne, kuma duk unguwarmu a Daura an riga an yanke masa hukuncin maƙaryaci. Laifinsa ɗaya. Shekara da shekaru yana ba da labarin wani tafki can gaba da garin Babban Mutum, inda barewa ke saukowa shan ruwa, tsuntsayen dinya da gauraka sun rufe gaɓa. Da ya fara sai 'yan majalisarsa su shiga ƙyafta wa juna ido. Babban mai ƙaryata shi wani Alhaji ne dillalin shanu, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya ce ya taka ƙasar nan kaf da garke bai ga abin da ya wuce ƙadangare ba. Kawu yakan taya su dariya, amma ni na san abin yana ci masa rai.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo kowa yana sayen abin hawa, ni ma ina malamin gona na sayi tsohuwar jif a gwanjo. Ba ta da rufi, ƙofa ɗaya kuma da igiya ake ɗaure ta. Ranar da na kawo ta, Alhaji ya zagaya ta sau biyu ya ce, "To Sarkin Baka, ƙafa ta samu. Sai ka kai mu tafkin naka."

Kawu ya yarda, ya kafa sharaɗi: ba turare, ba fararen kaya, ba surutu. Da asubar ranar tafiya dattawa huɗu suka iso cikin manyan riguna farare fat, ƙamshi kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ɗaya ya rungumo rediyo. Alhaji ya zo da lema.

Bayan Babban Mutum muka saki hanya muka faɗa daji. Kawu ya miƙe tsaye ya kama ƙarfen gilashi, shi ne ja-gora. "Miƙe sosai, ɗana. Da hantsi za mu tarar da tagwayen kuka, nan za mu karya dama."

Ba a jima ba na hango kuka biyu manne da juna, na nuna masa.

"Ba su ba ne," in ji shi. "Dubi rana, ko ɗagawa ba ta yi ba. Ka fi ni sanin dajin nan ne?"

Na taka mota muka wuce. Muka yi ta keta sabara da geza, mota na tsalle, dattawa na salati. Sau biyu muka kafe a yashi suka sauko suka tura, ƙaya ta yage lemar. Hantsi ya yi, babu kuka babu dalilinta. Muka tsayar da wani makiyayi muka tambaye shi, ya dube mu a tsanake ya ce ai mun daɗe da shigowa Faranshi, wato ƙasar Nijar. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Kawu ya zauna. Ban taɓa ganinsa ya tsufa haka ba, tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Can sai ya ce, "Motar nan ta cika gaggawa. Ba ta barin mutum ya ga ƙasa."

Sai a nan na gane. Duk rayuwarsa da ƙafa ya auna dajin, da tsayin rana da gajiyar gwiwa. Tafiyar da yake yi daga asuba zuwa hantsi, jif ta cinye ta kafin a gama tauna goro.

Muka koma tagwayen kuka. Kawu ya sauka ya shiga gaba da sandarsa, ya ce in biyo shi kada in kuskura in wuce shi. Haka aka yi. Tsoho yana takawa, yana duban gindin itace da sawu, mota tana binsa a giya ta ɗaya kamar akuyar da aka saba ba dusa. Zafi ya ishi kowa.

Bayan mun yi la'asar ya ɗaga hannu na kashe mota. Ya sa kowa ya tuɓe babbar riga ya bari a kujera. Na ga manyan mutane daga su sai singileti da wando, suna rarrafe bayan Kawu. Muka leƙa ta bayan wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe, dinya ta cika shi, gauraka na taku a gefe. Can ƙarshen gaɓa, barewa biyu sun sunkuya suna sha.

"La'ilaha illallahu!" Alhaji ya kwatsa da ƙarfi. Kafin ya rufe baki sun ɓace.

Washegari majalisa ta cika, Alhaji ne da bakin magana. Barewa, in ji shi, sun fi garken shanunsa yawa, sai da muka kore su muka sami wurin tsayawa. Waɗanda ba su je ba suka fara ƙyafta wa juna ido. Ya rantse, ya sake rantsewa, gumi ya keto masa. Daga ƙarshe wani ya juya wajen Kawu.

"Sarkin Baka, kai za mu ji. Nawa ne?"

Kawu ya ɓare goronsa a hankali, ya bar su suna jira.

"Biyu ne," ya ce. "Alhaji ai kun san shi da ƙari."