Buhun da Fuljan Ba Ta Turara Ba

Shekara ashirin da shida Mozammel ya yi yana malamin gona a ƙauyenmu na Kalaidanga, da keke ɗaya da lema ɗaya. Mutum ne mai son bayani. In ka tambaye shi maganin tsutsa, sai ya faro maka daga kakannin tsutsar. Ofishinsa na gaskiya shi ne bencin mai shayi na bakin gada, domin nan maza suke zama, shi kuwa a lokacin gani yake noma na maza ne.

A shekararsa ta huɗu kogi ya kwanta a gonakinmu kwana goma sha tara, shinkafar da muka dasa ta ruɓe. Gwamnati ta aiko da iri mai saurin nuna, kowane gida buhu ɗaya ƙarami. Saura kwanaki kaɗan lokacin yafa iri ya wuce, kuma namu na gida duk ruwa ya tafi da shi.

Mozammel ya raba buhunan a wurin mai shayi, ya yi awa biyu yana bayani. Muka gyaɗa kai, muka kai gida muka jingine, muka fita neman shanun da ruwa ya kora. Har da ni, ba zan ɓoye ba, ban ce wa matata komai ba. A wurinmu kuwa shinkafa shanshera in ta shiga gida ta zama ta mata, ga buhun kamarsa ɗaya da na abincin agaji. Suka jiƙa, suka turara, suka shanya, yadda iyayensu suka koya musu. Shinkafar da aka turara ba ta tsira, ko kwana za ka yi kana roƙonta.

Da Mozammel ya ji labari, gida-gida ya bi yana neman buhun da ya tsira, har ya isa bukkar Fuljan, wata tsohuwa da mijinta ya rasu.

"Gwaggo, ina buhunki?"

"Ga shi can rataye. Kada ka yi mini dariya, ɗan nan, icen girki ne ban samu ba. Kwana uku ina kallon hayaƙin mutane."

Ya zauna a ƙasa, ya ce, "Iri ne, Gwaggo. Shi kaɗai ya rage a garin nan."

"To ni in ci me? Bayaninka?"

Ranar ya kawo mata shinkafar gidansa a bayan keke. Aka yafa buhunta, aka raba dashen gida-gida, muka dasa tsiro ɗai-ɗai don ya isa. Bai ciyar da mu ba, mun sha wuya a shekarar nan. Amma kowa ya samu irin shukawa a baɗi.

Tun daga nan bai sake raba iri a wurin mai shayi ba. Ƙofar gida yake tsayawa, ya yi gyaran murya, ya ce a kira masa uwar gida. Bayaninsa ma ya ragu, ko da yake ba sosai ba.

Duk damina kuma, kafin ruwa ya taso, sai ka gan shi da damin ice a bayan keke, ya nufi bukkar Fuljan. Mun yi ta tsokanarsa, wai yana neman aure. Bai taɓa tanka mana ba sai sau ɗaya.

Ya ce, "Kwana uku tana jin yunwa a tsakiyarku. Da wani ya ba ta ice, da ba ku da gona."

Ban ƙara tsokanarsa ba, don gidana ne ya fi kusa da nata.