Firizar Maƙwabciyata

Shekarun da aka dawo mulkin farar hula, gini ake yi a Abuja kamar ana tuyar waina. Ka wuce fili yau, kafin wata ya zagayo ka tarar da gida har da labule. A cikin wannan hada-hadar muka kama haya a Gwagwalada, gida biyu a manne, tsakar gida ɗaya. Mai gidan ya gama gini da fenti, amma ya ce akwatin wuta kowa ya je ya zaɓo nasa.

Mijina mutum ne mai bin diddigi, ko ashana zai saya sai ya tambayi inda aka yi ta. A shagon wani Bakano aka nuna masa akwati iri biyu. Ɗayan yana da babban makunni a gefe, wanda duk wutar gida ke bi ta cikinsa. Mai shagon ya ce masa, “Alhaji, wannan in wuta ta yi yoyo ta bi jikin mutum, kafin ya ce wayyo ya yanke ta.” Shi ya ɗauko, kuma bai bar mijin maƙwabciyata ya huta ba sai da shi ma ya sayi irinsa.

Maƙwabciyar tawa ’yar Yangoji ce, doguwa, mai dariya da ƙarfi, Hausarta ba ta raba mace da namiji, sana’arta ƙanƙara da kunun aya. Tana da wata tsohuwar firiza ’yar gwanjo wadda ke ja in ka taɓa ta. A unguwarmu ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Firiza na ja? Sa silifa. Ita ma ta naɗe mariƙin da robar taya, ta ajiye silifa a gabanta kamar ƙofar banɗaki.

Sai dai sabon akwatin bai san da wannan yarjejeniya ba. Da ta jona firizar, sai ya yanke. Ta fito tana tsine wa masu wuta, ta ɗaga kai ta ga ƙwan ƙofata yana ci. Wutar da da kyar ake kawowa, ga ta ta zo, ƙanƙara kuma na narkewa. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta kira wani mai gyaran wuta daga bakin titi. Da yamma ta leƙo tana washe baki.

“Madam, an gyara shi! Ba ya yanka kuma. Kira shi ya duba naka ma.”

Na ce mata namu lafiyarsa lau. Na taya ta murna har cikin raina, don na ɗauka gyara ne kamar kowane gyara.

Da damina ta yi nisa, wata rana bayan la’asar aka tafka ruwa har ya shigar mata ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa. Ina kwashe shanya na ga ta shiga da gudu, ba takalmi, zaninta sharkaf. Sai na ji wani sauti. Ba ihu ba ne, wani gurnani ne daga maƙogwaro.

Na same ta tsaye cikin ruwa, hannunta na dama a damƙe da gefen firizar, jikinta na kakkarwa, idanunta a kaina. Na yi salati. Akwatinsu na bakin ƙofa ta waje, daidai inda namu yake, na san babban makunnin kamar tafin hannuna. Na fizge shi ƙasa da duk ƙarfina.

Ƙwan ɗakin bai ko ƙifta ba. Firizar na ci gaba da gunjinta.

Na ɗaga shi, na sake saukewa. Babu abin da ya canza. Wallahi a wannan lokacin kaina ya ɗaure, na tsaya ina kallon makunnin a ƙasa da wutar a kunne, na kasa haɗa su wuri ɗaya. Allah ne ya nuna mini taɓarya a jingine ƙarƙashin rumfa, busasshiya. Daga bakin ƙofa na miƙa ta na doki fulogin, ya ƙi, na sake maka masa sai da soket ɗin ya tarwatse. Ta zube cikin ruwan kamar buhu.

Maƙwabta suka taru aka kai ta asibiti, tana numfashi da kyar. Da mijina ya dawo ya kwance murfin akwatinsu, ya kira ni in gani. Mai gyaran ya zare wayoyin daga makunnin, ya murɗe su da juna ta baya, ya mayar da murfi tsaf. Makunnin yana nan a mazauninsa, fes da shi, ba abin da ke bi ta cikinsa. Na koma na zauna a kan dakali.

Ta rayu, amma yatsunta uku sun ƙone sun lanƙwashe. Da na je duba ta, hannun na naɗe da bandeji, mijinta bai faɗa mata komai ba tukuna. Ta jawo ni kusa da hannun hagu.

“Madam, na gan ka fa. Ka ja abin ƙasa, ka ja kuma. Me ya sa bai sake ni ba?”

Na so in ce mata ikon Allah ne in yi shiru, amma bakina ya ƙi. Na ce, “Gyaran nan da aka yi miki, zare wayoyin makunnin aka yi. Wutar ta baya take bi.”

Ta kalli hannun. Ta ce, a hankali, “Mai gyaran nan, har abinci na zuba masa. Ya ci, ya ƙara.”