Ɗan Dakon Alhaji Bai Shiga Fim Ba Tukuna

Da a ce ni ce mai kamfanin fim, Alhaji ya shigo mini da littafinsa a hammata, da na ce masa to? Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Alhaji, har yau ban iya amsa wannan tambayar ba. Ina faɗa ina share hawaye, 'yata Rabi tana rubutawa, domin ni ban yi karatu ba.

Daga Kano muka zo Guangzhou ta ƙasar China, yana sayen leshi a unguwar Liwan yana aikawa gida. Wata rana ya raka kaya tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya ga ƙugiya ta ɗaga kwantena sama kamar faifai. Ya dawo ya ce, "Maman Rabi, mutanen duniya suna da jarumansu masu tashi sama a fim. Mu ina namu?" Na ce ni dai tuwona na sani, kuma yana hucewa.

Daga ranar ya fara rubuta labarin Ɗan Dako da ajami. Dattijo ne mai furfura wanda Allah ya ba ƙarfin ɗaga kwantena da hannu ɗaya, amma ƙarfin ba ya zuwa sai in kayan wani zai ɗauka. Nasa buhun kuwa da nishi yake ciccibarsa. Duk abin da ya rubuta sai ya karanta mini bayan la'asar, har na haddace.

Kuskurensa shi ne ya ɗauki fim kamar leshi. A sana'arsu ba a ciniki da baki, samfur ake nunawa. Sai ya je wurin wani tela ɗan China a unguwar Panyu a ɗinka masa kayan jarumin. Telan ya ɗinko matsattsu irin na finafinan waje. Alhaji ya ɗaga su da yatsu biyu ya ce wa telan, "Laban," wato maigida da yarensu, "wannan ko matata ba zan bari ta gan ni a ciki ba." Aka sake, aka yi taguwa da wando buje da gammo. Ya kai Kano ya shimfiɗa a gaban masu fim, ya zauna yana jiran oda.

Wani ya ce malamai za su kira abin tsafi. Wani ya yarda, amma sai an mayar da dattijon saurayi, an ba shi budurwa da waƙoƙi. Wanda maganarsa ta fi tsaya wa Alhaji a rai shi ne wanda ya ce, "Alhaji, mutanenmu sun ga na waje a waya. In kwantenarmu ta fito kamar kwali, dariya za a yi mana. Fim ɗin soyayya in ya faɗi, na tashi na karkaɗe riga. Wannan in ya faɗi, da ni da ma'aikatana zai tafi."

Ya dawo yana faɗa, ni kuwa ban goya masa baya ba. Na ce, "Kai ma kana sayen launin leshin da ba ka ga ya tafi a kasuwar Kwari ba?" Ya ninke taguwar, ya ajiye. Ninke taguwar nan ne yake hana ni sakat. Gaskiya na faɗa, mutanen nan ba wawaye ba ne, suna da iyali. Amma ban tambayi kaina ba, launin da ya tafi a Kwari, wa ya fara sayensa?

Yau Rabi tana nuna mini abin da ake yi da kwamfuta, dutse ya tashi sama ka rantse da gaske ne. Da Alhaji yana nan da ya ce uzurin kwali ya mutu. Amma bana mun je wani kamfanin zanen fim a nan Guangzhou, mai wurin ya saurari tafinta, ya yi murmushi ya ce "mayo", wato babu. Bai taɓa ganin irinsa ya sayu ba. Ashe tun farko ba na'ura ce ta hana ba.

Abin da nake tsoro yanzu kaina ne. Rubutun Alhaji ba wanda ya iya karanta shi cikin yaran, ni kuma na fara mantuwa. Kwanan baya na nemi yadda Ɗan Dako ya ceci jirgin kaya, na rasa tsakiyar labarin sai da na wuni. Shi ya sa kowace safiya nake faɗa wa wayar Rabi yanki ɗaya, ba fashi. Babban ɗana yana so in koma Kano in huta. Zan koma, amma da taguwar da muryata, in bi ƙofofin da kaina. Wanda ya ƙi, in gode masa in wuce gaba.

Abin da ya bar mini ke nan, ya fi gida da shago nauyi. Safiyar da zai cika a asibiti, na ce masa zan adana littafin a akwatin zannuwana, ba mai taɓa shi. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Kada ki kuskura, Maman Rabi. Ba kayan ajiya ba ne, haja ce. Ki kai ta kasuwa."