Uwata Ba Malama Ba Ce

Uwata ba malamar makaranta ba ce. Burkutu take dafawa. Shekara da shekaru ina ɓoye wannan a Ingila, har matata sai da muka haihu ta sani.

Akwai wani tsoho ɗan ƙasar Jojiya da muke ɗaukar kwali tare a wani sito a Cheetham Hill. Ni aji uku na bar sakandare, shi kuma Turancinsa duk a karye, sai jininmu ya haɗu. Ba shi da hira sai giyar ƙasarsu. Wai su randa suke ginawa, ƙatuwa mai tsinin gindi, su shafe cikinta da kakin zuma, su binne ta har wuya. Da kaka a tattake inabi a zuba, ɓawo da ƙwallo da komai. In ya gama tafasa a rufe da dutse a liƙe da yumɓu, sai sanyi ya wuce a buɗe. In ya ce kakansa ne ya koya masa, har ƙirji yake bugawa. Ni dai sai in taɓe baki. A cocin garinmu mai dafa giya ba ta cin jibin Ubangiji. Uwata a bencin baya ta tsufa.

Wata rana ya ce an kawo masa ƙaramar randa daga gida, tana wajen 'yarsa a Birmingham, in zo in taya shi haƙa rami tunda bayansa ya mutu. Na bi shi ran Asabar. Mun gama haƙa, za mu zura ta, sai hannuna ya yi abin da ban sa shi ba. Na ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, na zagaya, na sake. A wajen kafaɗa muryarta ta dushe.

Na ce, "Baba, dakata. Tsagaggiya ce."

Ya ce, "Kai da ko ɗanɗanawa ba ka yi, me ka sani? Ɗauki can!"

Na ce ya zuba ruwa ya gani. Ya zuba, sai ga gumi yana fitowa ta wani layi siriri kamar gashi. Ya narka kaki ya cike wurin, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, wannan kunnen ba a sito ka samo shi ba. Gidanku wa ke aikin?"

Haka uwata take yi a kasuwa ina yaro, randa goma sai ta ƙwanƙwasa kafin ta ɗauki ɗaya, ni ina riƙe mata gammo. Rigar makarantata kullum warin tsiron dawa take, yara suna kirana ɗan mai burkutu. Akwai ranar da na gamu da ita a hanya da tulu a ka, ina tare da 'yan ajinmu, na kau da kai. Ita ma ta kau da nata, don ta rufa mini asiri.

Na ce masa, "Babu kowa. Uwata malama ce, marigayiya. A talabijin na gani."

Da sanyi ya wuce aka buɗe randar, aka shimfiɗa dogon tebur a filin da ke bayan gidan 'yarsa, da rana tsaka. Al'adarsu, mutum ɗaya ke jan zama, ba mai kurɓa sai mai jan ya yi magana, in kuwa ya zo kan matattu kowa miƙewa yake. Tsohon ne ya ja. Ya ɗaga ƙahon da yake sha da shi, ya nuna ni, ya ce ba don wannan mutumin ba da ƙasa ce ta shanye inabin bana. Ya ce a tashi a girmama uwar da ta haife shi, malamar makaranta, wadda ta koyar da 'ya'yan mutane.

Suka miƙe duka, har wata tsohuwa mai sanda. Na miƙe da kofin lemona. Aka sha don matar da ba a taɓa haifa ba, ni kuma na ce na gode.

Ran Litinin a sito na kasa haƙuri, na gaya masa gaskiya. Ya ajiye kwalin da ke hannunsa.

"Giya take yi? Da hannunta? A randa?"

Na ce e.

"Kai jaki ne," in ji shi. "Kana da uwa irin wannan ka bar mu muka sha wa malama? Baɗi in an buɗe, kai za ka tashi ka faɗa da bakinka. Ni ba na gyara ƙaryar wani."

Ya bar aiki, ya koma wajen 'yarsa. Sau biyu ke nan ana buɗe randar yana bugo mini waya. Na farko na ce ina da aiki. Na biyun ban ɗauka ba, ina zaune ina kallon wayar har ta yi shiru.