Likkafanin Haboba Kande

Ku da kuka san Haboba Kande (haboba muke ce wa kaka a nan), kun san ba ta taɓa tsallake zare a ƙasa ba. Ko a tsakiyar kasuwar Gadarif ne, mota na danna mata oda, sai ta duƙa ta tsince shi ta naɗe a tsinken ashana. "Zai yi rana," in ji ta. Maɓalli zai yi rana, tsumman da akuya ta tauna ma zai yi rana. Ni jikarta kuwa Uwar Ɓarna take kirana, tun ranar da na yanke gefen labulenta na yi wa 'yar tsana riga.

Ina sakandare aka ɗora mini ɗinkin kayan wasan kwaikwayon makarantarmu, labarin kakanninmu da suka taso daga yamma a ƙafa za su Makka. Ustaza Nafisa ta ce, "Ranar Alhamis iyaye za su zo. In ko kaya ɗaya bai kammalu ba, ki manta da makin nan." Baba kuma ya riga ya rantse, in ɗinki ya ja mini faɗuwa, na ajiye allura ke nan har abada. Ga shi a gidanmu keken ɗinki ɗaya ne, na hannu, kuma na Haboba ne.

"Ke za ki juya shi? Keken da ya girmi ubanki?" Ita ke juyawa, ni ina tura ƙyalle. Muna tsakiyar hannun riga sai ta tsaya ta lulluɓe shi da zane. "Ya yi zafi, bari ya sha iska." Wallahi har gumi nake don haushi!

Rigunan matafiya da buhunan riɗi na yi su, waɗanda aka kawo mini daga garin Simsim. Na ɗaga almakashi, ta riƙe hannuna.

"Kakkaɓe tukuna."

"Haboba, ba komai a ciki!"

Ta sa ni na kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya a kan faifai, ta tara riɗinta, ta yi kantu, ta zauna tana ci a gabana. Na miƙa hannu. "A'a, ke da kika ce ba komai a ciki?"

Makarantar ta 'yan mata ce zalla, don haka ƙawata Sumayya ce tsohon da ke jagorantar ayarin, dole ta yi gemu. Na roƙi auduga daga matashin Haboba. Ta ce, "Matashina ya rame don wata ta yi gemu?" Da ƙyar ta tsakuro mini. "Aro ne fa. A dawo mini da gemuna."

Abu ɗaya ya rage, farin yadin da tsohon zai ɗaura harami a ƙarshen wasa. Kawu Idrisa zai taho da shi daga Gallabat. Ranar Laraba da la'asar ya bugo waya, wai ruwa ya sauka, lorinsu ta kafe a laka har gindi, sai dai jibi. Baba ya ce ba ya sayen abu ɗaya sau biyu. Zannuwan gadonmu duk furanni ne. Na zauna bakin ƙofa ina kuka, don na ga allurata ta tafi.

Haboba ta leƙo. "Farin me za a yi da shi?"

"Tsohon ne zai ɗaura in ya isa Makka."

"Ya isa?"

"A wasan ya isa."

Kun dai san mahaifinta ya tsaya nan ne don ya yi kakar riɗi guda ya sami guzuri, ƙarshenta a nan aka binne shi. Ita ma ba ta taɓa zuwa ba. Sai ta shige ɗaki ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin yadi, wanda wata maƙwabciya ta kai mata Makka ta tsoma a ruwan Zamzam shekaru da yawa da suka wuce.

Mama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Inna, likkafaninki?"

"To na mutu ne? Zaman banza yake yi." Ta juyo gare ni. "Uwar Ɓarna, saurara. Ban da almakashi, ban da allura, ban da fil. Ya taɓa ƙasa kuwa, ni da ke ne."

Yadi dogo, ɗaya tal, a mai da shi harami mai kashi biyu ba yanka ba huji! Da safe na ninka shi, na naɗa wa Sumayya a ƙugu, na soke, na jefa sauran a kafaɗa. Ban gaya mata ko mene ne ba, don na san halinta da tsoro.

Wasa ya tafi daidai har ƙarshe. Sumayya na zagaya Ka'abar da muka yi da kwali, ni ina bayan labule, sai na ga bakin yadin ya fara zamewa. Yana sauka, yana sauka. Saura kaɗan ya taɓa ƙasa, sai Haboba ta miƙe daga layin gaba.

"Ke mai gemu! Ɗaga shi, a ciki za a binne ni!"

Sumayya ta cafke yadin, ta dube shi, ta gane abin da ke jikinta. Ta ɗaga hannu sama tana rawar jiki, hawaye na bin gemu, tana "Labbaika" da iya ƙarfinta. Iyaye suka ɗauka ƙwarewa ce, har wasu suka taya ta kuka! Ustaza Nafisa ta ba ni makina cif. Kafin a gama tafi, Haboba ta hau dandamali ta cire wa Sumayya gemun audugarta.

A hanyar gida tana rungume da yadin ta ce, "Babana bai je ba, ni ban je ba, amma wannan ya je sau biyu."

Daminar bara da Haboba ta rasu, ni aka miƙa wa almakashi in yanka likkafanin, tunda ni ce telar gidan yanzu. Na tsaya ina jiran ta daka mini tsawa, ba wanda ya daka. Mama ta ce, "Yanka, 'yata, ranarsa ta zo." A cikin akwatin na tarar da tsinkayen ashana cike da zare. Na zaɓi farare, da su na ɗinka mata.

Allah ya jiƙan Haboba Kande, ya sanyaya makwancinta. Tafiyar da ita da mahaifinta ba su ƙarasa ba, Allah ya rubuta musu ladanta cikakke. Amin.