Turancin da Muka Haddace a Kan Soro

Ranar wata Alhamis da bazara, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, na hau soron gidanmu a Dala don in zuba wa tantabaruna ruwa, sai na tarar da yayana Habibu zaune a 'yar inuwar katanga. Ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora wani littafi mai koren bango a cinyarsa, yana rangaji gaba da baya kamar yadda muke yi a makarantar allo. Amma abin da ke fita daga bakinsa ba karatun da na sani ba ne. Turanci ne, yana jan sa da muryar tilawa, yana tsayawa inda numfashi ya ƙare masa. Gumi ya jiƙa masa riga har gadon baya. Na tsaya da kwanon ruwa a hannu ina saurare. Da ya rufe littafin ya soma kawowa da ka, ya zo wani wuri ya tsallake, sai kawai na ji bakina ya ce masa ba haka ya faɗa ɗazu ba. Ya buɗe littafin ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya sake dubawa. Daga nan ya ce in ajiye kwanon in zauna.

Gidanmu gidan dukawa ne. Babanmu yana da shago a Kurmi inda yake ɗinka jakunkuna da takalma da gafaka, kamar yadda ya gada, kuma babu wanda ya taɓa shiga boko a gidan sai Yaya Habibu. Shi ma sai da ya haddace Alƙur'ani tukuna, bayan Kawu Isa, ƙanin Inna da ke koyarwa a wani gari, ya yi ta yi wa Baba magiya. A shekarar nan Yaya ya gama sakandare yana shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda aka ce duk wanda ya faɗi Turanci a cikinta ya faɗi gaba ɗaya. Ni kuma ina makarantar allo safe da yamma, da rana in kai wa Baba abinci kasuwa. Hanyata tana bi ta bayan wata firamare, kuma kullum sai na ajiye kwanukan na ɗage ƙafa na leƙa ta taga. Har wurin zama na zaɓar wa kaina, benci na kusa da ƙofa. Da na dame shi da roƙo, Baba ya yanke magana sau ɗaya, yana goga wuƙa a dutse, bai ko dube ni ba: "In boko ya karɓi Habibu, ka bi shi. In ya dawo mana da shi, ga shago nan." Baba ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta. Inna ta sayi farin yadi da shuɗi ta ajiye a ƙasan adakarta, ta ce na kayan makarantata ne in Allah ya nufa.

Saboda haka jarrabawar Yaya tawa ce. Shi kuwa hanya ɗaya ya sani ta mallakar karatu, wadda ta kai shi ga sauka tun yana yaro: a karanta, a maimaita, a rufe, a kawo da ka, wani ya saurara ya gyara. Littafin nan mai koren bango na tsofaffin tambayoyi ne, akwai labarai da ake karantawa a amsa tambayoyi a kansu, da jerin kalmomi da kishiyoyinsu, da jimlolin da ake cike gurbinsu. Yaya ya ƙudura zai haddace shi daga bango zuwa bango. "Duk abin da za a tambaya, a littafi yake," haka yake cewa, domin haka ya saba. A makarantar allo duk inda malam ya ɗauko maka baki, a cikin littafin yake, ba a taɓa kawo maka abin da ba ka gani ba. Abin da ya rasa shi ne mai sauraro, sai ga ni. Ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma kunnena yana riƙe abu. In ya karanta mini layi na ji shi da kyau, ya zauna ke nan.

Haka muka cinye bazarar nan. In na ɗebo ruwa a famfon unguwa na cika randunan Inna, na ba awaki dusa, na dawo daga Kurmi, sai in haye soro. Ina jin abokaina a lungu suna langa, ko suna kora tsohuwar taya da kara, suna kiran sunana, ba na amsawa. Yaya yana rubuta kalmomi da gawayi a jikin katangar soro, don kakarmu ta hana shi taɓa allo da su. Yana kawowa, ina tare shi in ya zame, yana komawa baya. Akwai wani labari mai tsawo da ya fi ba shi wuya, muka yi ta jan sa har ya zauna mini daram, ina raira shi a hanyar kasuwa ba tare da na san abin da yake cewa ba. Ban taɓa tambaya ba. A wurinmu ma'ana aba ce da ake koya daga baya, in an girma. Duk da haka hankalina bai taɓa kwanciya ba. In Yaya ya yi tari, sai in ji tsoron kada zazzaɓi ya kama shi. In ya manta layi, sai in ga bencin nan na kusa da ƙofa yana nisa da ni.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa Kawu Isa ya zo, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da tsarabar kilishi a naɗe cikin jarida. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Baba ya kira maƙwabta biyu, ya ce Habibu ya nuna wa kawunsa inda ya kai. Yaya ya miƙa wa Kawu littafin, ya ce ya buɗe duk inda ya ga dama. Kawu ya buɗe, ya karanta farkon layi, Yaya ya ɗauka ya yi ta zubawa har ƙarshen shafi ba gargada. Maƙwabta suna ta masha Allah, Baba yana shafa gemu, ni kuma ina bakin ƙofa ina bin sa a zuci cike da murna. Kawu ne kaɗai bai yi murmushi ba. Ya jawo jaridar Turancin da aka naɗo kilishin a ciki, ya kakkaɓe yajin, ya shimfiɗa ta a gaban Yaya, ya ce ya karanta wannan ya gaya wa Baba da Hausa abin da ta ce. Yaya ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma. Da ya kai ƙarshe, Hausar ta ƙi fitowa. Ya sake komawa farko, leɓensa yana motsi, yatsansa yana bin layi. Har ƙarar ƙuda a kan kilishin ana ji.

"Habibu," in ji Kawu a hankali, "ba wannan littafin za su ɗauko maka ba. Sabon labari za su kawo, wanda ba ka taɓa gani ba, su ce me ka gane."

Daga ranar kunnena ya daina amfani, sai ƙafata. Kawu ya bar wa Yaya ƙamus, ya ce ya karanta duk abin da ya samu, ya tsaya a kan kowace jimla har sai ta yi masa magana. Ni na zama mai farautar takarda. Na bi masu ƙosai da masu tsire ina roƙon guntayen jarida, na tsinto gwangwanin madara da kwalin sabulu, na karɓo takardar cikin kwalin magani wurin mai kemis, har Ƙofar Dawanau na taɓa takawa saboda an ce wani mai shayi yana tara tsofaffin mujallu. Ina kawowa da maiƙo a jikinsu, Yaya yana bi da yatsa yana buɗa ƙamus. Ya daina rangaji, ya daina cin abinci sosai, idonsa ya faɗa. Wani lokaci in ga fuskarsa ta washe, ya ce mini wannan labarin gobara ne, ko wannan tallar taki ce, in ji kamar an ba ni kyauta. Wani lokaci kuma ya dafe kai ya daɗe bai ɗago ba. Inna tana leƙo mu daga tsakar gida tana cewa, "Ku sauko ku ci tuwo, Turancin ba gudu zai yi ba." Lokacin ne dai yake gudu, mu duka mun sani.

Ranar jarrabawa Baba ya ba shi sabuwar gafaka ta jan fata da ya ɗinka da hannunsa. Na raka shi har bakin titi, na dawo na hau soro na zauna da tantabaru, na kasa cin komai. Da ya dawo na tambaye shi ko labarinmu ya fito. Ya girgiza kai, ya ce sabo ne, ya gane rabinsa, lokaci ya ƙare yana kan sauran. Sakamako ya fito da damina, ruwa ya riga ya wanke gawayin katanga. Ya ci sauran darussa, Turanci ya kayar da shi. Baba ya saurara, ya yi masa addu'a, bai ɗaga murya ba. Washegari da safe ina shirin ɗaukar allona, sai ya kira sunana daga zaure ya ce in riƙo masa buhun fata. A shago ya nuna mini inda zan zauna, ya miƙo mini basilla, babbar allurar nan ta ɗinkin fata. Yadin Inna kuwa, da Sallah ta zo aka ɗinka mini riga da wando da shi.

Yaya ya sake zaman jarrabawar a shekarar da ta biyo, bayan ya yi shekara guda yana karanta takardun ƙosai da jaridun Kawu, ya kuma ci. Ya tayar wa Baba da maganata sau ɗaya, a shago. Lokacin idon Baba ya fara rauni, ni nake zura masa zare, ni nake yanka fata a kan layi. Baba ya dubi hannuna a kan aikin, Yaya ma ya duba, maganar ta tsaya a nan.

Yau shagon nawa ne, furfura ta fito mini, kuma bayan la'asar ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a wata firamare, ina lanƙwasa gwiwa a bencin yara. Hausa ta zauna mini, da ita nake wannan rubutu, Turanci kuma muna rarrafe. 'Yata Rukayya ce ke shirin irin jarrabawar Yaya a bana, a waya take gwajinta, ba rangaji ba gawayi, in ta gama wayar ta gaya mata inda ta kuskure. Kwanan baya ina ɗinki na kama raira labarin nan mai tsawo ban sani ba. Ta yi dariya, sannan ta saurara, ta ce in sake a hankali. Ashe labarin gara ne, yadda take gina shuri da yadda take raba aiki a tsakaninta. Na aika na tambayi Yaya ko littafin yana nan, ya ce gara ta cinye shi tun da daɗewa. Sai Rukayya ta zauna ta rubuta shi daga bakina, da manyan baƙaƙe, na liƙa a bangon shago. In kasuwa ta lafa nakan bi shi da yatsa, in haɗa abin da kunnena ya sani da abin da idona yake koyo. Na kai layi na huɗu, kuma wannan karon ina tsayawa in tambayi ma'ana.