Takalman da Yohanna bai dawo da su ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yohanna ya rasu.

Da safen nan ina shirin karyawa 'yata Rabi ta ajiye waya ta ce, "Baba, Malam Yohanna ya faɗi a ofis jiya da la'asar. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa." Na ce mata ƙarya ne, ranar Lahadi muna tare. Kokon yana nan har yanzu, ban taɓa ba.

Ni ne Baba Ilu, tsohon nan da kuke gani a benci a ƙasan benenmu na unguwar Danau Kota, nan Malesiya. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, Rabi na rubutawa a shafinta, kuma na ce kada ta gyara min magana.

Wanda bai san shi ba, Yohanna mutumin Filato ne, malamin wasan kwaikwayo, ya zo karatun dakta a jami'ar da ke Jalan Semarak inda Rabi take. Ni kuwa ciwon ƙafa ya kawo ni ƙasar nan. Yara sukan gaishe ni su wuce. Shi ne ya zauna ya ce, "Baba, me ka gani a duniya?"

Na ba shi labari. A garinmu, ina saurayi, talaka ba ya wuce ƙofar hakimi da takalmi a ƙafa. Cirewa za ka yi, ka riƙe a hannu, ka durƙusa, ko da ba kowa a ƙofar. Wata ranar kasuwa mu bakwai muka wuce da takalmanmu. An zane mu, an kai mu gidan yari. Cikin bakwai ɗin ni kaɗai na rage.

Sai ya ce, "Wannan sai an yi wasansa a zaure. Yaranmu na nan ko Hausa ba sa amsawa. Su ga abin da aka sha kafin su sa kambas."

Na yarda, amma na kafa sharaɗi: ba rikoda, ba takarda. Ranar da aka yi mana shari'a, abin da wani ya rubuta aka karanta aka ɗaure mu da shi. Tun daga nan ban ƙara yarda maganata ta hau takarda ba.

Da wani ne, da ya yi fushi. Shi dariya ya yi ya ce ya ji.

Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya zo ya riƙe hannuna mu gangara shagon mamak, wato masu shayin nan. Ya san shayina ba sukari, shi yake faɗa da mai shagon a kai. Ina faɗa yana haddacewa. Wasan gaba ɗaya a kansa yake. 'Yan wasan ma baki da baki yake koya musu, kowa ya san nasa guntun.

Sai maganar kuɗin hayar zaure. Matan ɗalibai suka riƙa yin tuwo da miyar kuka da masa duk Asabar, ana tapau, wato a ƙulla a kai wa mai saye. Yohanna ke bin benaye yana kaiwa, gumi sharkaf, mutum mai 'ya'ya uku. Ni aikina ƙulla leda. Wata takwas muna haka. Watan jiya ya shigo yana tafa hannu ya ce, "Baba, mun kai!"

Saura takalma. Namu na taya ne, shi ya sa ya samo wani baduku ɗan Indiya a unguwar Brickfields ya yi mana guda bakwai. Sau uku ina mayarwa. Ranar Lahadin nan ya kawo karo na huɗu.

Ya ce, "Baba, wannan karon boleh, sun yi?"

Na juya su na ce maɗaurin ya yi faɗi, namu siriri ne.

"Haba Baba! Wa zai gane a Malesiya?"

Na ce, "Ni zan gane."

Ya ce, "Kai da hakimin nan ban san wanda ya fi wuyar sha'ani ba." Muka yi dariya har mai shago ya leƙo. Sannan ya ce in ba shi sunayen sauran shidan, da su yake so ya rufe wasan, a kira kowa da sunansa. Na ce sai ya kawo takalman kirki tukuna. Ya zuba su a leda zai mayar wa badukun, ya ce, "Sai Asabar lah, Baba."

Ganina da shi ke nan.

Ɗazu da hantsi ɗalibai biyu suka zo, suka cire takalma a bakin ƙofa, suka zauna a ƙasa. Suka ce matarsa da yaran suna can gida suna jiran gawa, kuɗin jirgi ba kaɗan ba ne, kuma abin da ke hannu yanzu kuɗin zauren ne kawai. Wai sun zo neman izinina tunda labarina ne.

Me zan ce? Na ce ku ɗauka. Tuwon da ya yi ta yawo da shi, shi zai kai shi gida.

Suna fita na rasa inda zan sa kaina. Bizata za ta ƙare watan gobe. Ba zaure, ba takarda, ba Yohanna. Ko an sake tara kuɗi, wa ya san yadda wasan yake tun daga farko har ƙarshe? Ni labari na iya, ban iya haɗa wasa ba. Kuma ba ni da wasu wata takwas ɗin da zan ce nawa ne. Da na bar shi ya rubuta, da yau akwai abin da za a ɗauka a ci gaba. Taurin kaina ne, ba na kowa ba.

Rabi, rubuta. Tanko mai gyaran keke. Audu Dogo. Sale Maƙeri. Mati na Bakin Kasuwa. Garba ɗan Ladi. Isa Baƙo.

Ga su nan, Yohanna. Na makara.

Wani zai ce ai Kirista ne. Na sani, ni ya fara faɗa wa. Abin da na gani a wurinsa alheri ne, shi zan faɗa ko a gaban wa. Allah ya kai shi gida lafiya. Allah ya ba matarsa haƙuri, ya raya masa 'ya'yan nan uku, ya haɗa su da mai zama ya saurare su yadda ubansu ya saurare ni. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a, na masallaci da na coci. Ku haɗa da mutanena shida.

In kuma akwai mai zuwa Brickfields, ya duba wurin badukun nan. A karɓo min takalman yadda suke. Maɗaurin ya yi.